Kauɗar Maharazu

Ranar da Maharazu ya karɓe mukullai daga hannun yayansa Baballe a ƙofar masallaci, yabonsa aka yi. Har Liman sai da ya jinjina kai. Aka ce ga shugaba na gari, wanda bai san ɗan'uwa ba idan ana maganar amanar jama'a. Mutanen Tsamiyar Gabas suna son irin wannan adalcin ƙwarai, muddin a gidan wani zai sauka.

Tsamiyar Gabas ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, can a ƙarshen kanal ɗin ban-ruwa, inda ruwa yake isowa a gajiye, in ma ya iso. Na sama su sha su ƙoshi, su kuma a bar su da laka da kwaɗi. Shi ya sa shekara uku da suka wuce, da wasu masu aikin tallafa wa manoma suka zo suka haƙa musu rijiyar burtsatse, suka kafa farantan sola ashirin da huɗu a kan ƙarafa don su riƙa juya famfo, sai da aka yanka rago. Manoma arba'in suka haɗa ƙungiya, suka zaɓi Maharazu ciyaman, saboda dogo ne mai baki, ya iya magana da mutanen birni ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Shi kuma da aka zo neman mai gadi, sai ya ba yayansa.

Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, amma in ka gan su tare ba ka cewa haka. Baballe ya girme shi da shekara goma sha ɗaya. Ya yi shekara talatin yana lodin kwandunan tumatir a Kadawa har bayansa ya lanƙwashe, ya koma tafiya yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Mahaifinsu ya rasu Maharazu yana ɗan shekara bakwai, don haka Baballe ne ya kai shi makaranta, shi ya yi masa aure, kuma tun suna yara ya sha dukan da ya kamata a yi wa ƙanensa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Rufa wa Maharazu asiri ya zame masa jiki. Aikin gadin nan ya yi masa daɗi. Ga 'yar rumfa, ga benci, ga buta, ga farantai yana goge su da safe kamar madubin amarya.

To, bara ne tumatir ya yi albarkar da ta zama masifa. Kowa ya shuka, kowa ya samu, kwando bai kai kuɗin motar da za ta kai shi kasuwa ba. Gari ya koma yanka da shanya. Ko'ina ka duba jan kauɗa ne a shimfiɗe, a gefen titi, a kan buhuna, a tsakar gona. Matsalar kauɗar ƙasa kuwa kowa ya san ta: yashi. Dillali ya ɗauki ɗaya ya jefa a baki, ya ji garas, ya tofar, ya taya maka abin da ya ga dama.

Maharazu mutum ne mai dabara, kuma dabarar ce ta kai shi ta baro. Wata rana da azahar ya dafa farantin sola, ya janye hannu da sauri saboda zafi. Ya tsaya yana kallonsa. Gilashi ne sumul, a karkace, nesa da ƙasa, nesa da awaki. Guda shida na ƙarshe suna bayan rumfar gadi, ba a hango su daga hanya. Washegari sai ga shi da kwando biyu da wuƙa.

"Maharazu," in ji Baballe, "masu kafawa sun ce kada a ɗora komai a kai. Ko hula."

"Haba Yaya. Rana ce dai suke sha, tumatir ma rana zai sha. In an gama a goge."

"Sun ce ko hula."

"Su suka sa ka a aikin nan, ko ni?"

Baballe ya jawo benci ya zauna, ya karɓi wuƙar, ya taya shi yanka. Maharazu ya riƙa jerawa, layi-layi, tun daga ƙasan faranti har ƙololuwa inda dogon hannunsa ya kai. Famfo yana ta aikinsa. Mako uku suna haka. Ruwa ya ɗan ragu a kwanakin, amma lokacin kakar ta zo ƙarshe, babu wanda ya damu. Kauɗar da ta fito kuwa ba a taɓa ganin irinta a garin ba, ja jawur, tas. Dillalai suka yi rububinta. Aka tambaye shi sirrin, ya yi dariya ya ce a kan rufin kwanon wani abokinsa ya shanya. Ya ba Baballe buhu guda, ya wanke gilasan da sabulu, ya manta da maganar.

Bana aka dasa tumatir a kan lokaci, ya tashi kore shar. Sai ruwa ya fara wasa. Bututun da a da yake cika fangalin gona kafin ka gama cin rake, ya koma sai ka yi sallar azahar ka dawo bai cika ba. Layin ban-ruwa ya rikice, wanda ya kamata ya sha Litinin sai Alhamis. Tumatir yana tsakiyar fure, furen ya fara zubewa. Duk wanda ya san noman rani ya san abin da wannan yake nufi. Mutane biyu suka dambace a bakin bututu, surukai ne ma.

Akwai wani matashi a ƙungiyar, Abdulbasit, wanda ya yi difloma a Kano, kuma ba ya bari a manta. Shi ya zagaya bayan rumfa ya lura cewa farantan nan shida launinsu ya ɗan sha bamban da na sauran, sun yi dishi-dishi, da ɗan ruwan ƙasa nan da can.

"Waɗannan ba orijina ba ne," ya ce. "Wallahi na gwanjo ne. An cire namu an sa waɗannan. Kuma mutum ɗaya ne yake riƙe da mukulli."

Kafin la'asar magana ta gama gari. Kafin kwana biyu har an sami wanda ya ga mota, da wanda ya ji ƙarar sufana, da wanda dama tun farko bai yarda da Baballe ba. Ranar Juma'a bayan salla aka tsayar da shi a ƙofar masallaci. Liman ya ce abin mai sauƙi ne. Ya ce Baballe ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse cewa bai ɗauka ba, kuma bai taɓa ganin wani ya taɓa farantan nan ba. In ya rantse, shi ke nan.

Baballe ya ɗago kai da ƙyar, ya dubi ƙanensa sau ɗaya. Kallo ne na mai jira. Maharazu ya gane kallon, kauɗar bara ta gilma masa a rai. Sai ya kore ta. Yaya za a yi tumatir ya ɓata gilashi? Ai da hannunsa ya wanke su. Ya kawar da fuska yana gyara hula.

"Ba zan rantse ba," in ji Baballe.

Wurin ya kaure da salati. Maharazu ya ji idanun mutum arba'in a kansa, ya ji ana raɗa cewa dama ɗan'uwansa ne, wataƙila tare suka ci. Tsoro ya kama shi, kuma tsoron nan ne ya miƙa hannu ya ce, "Yaya, ba ni mukullan." Abin da ya fi muni, a wannan lokacin har ya fara yarda a ransa cewa yayan nasa ya yi satar, don yarda da hakan ya fi masa sauƙi.

Daga ranar Baballe ya bar sahun gaba, ya koma na baya, daga nan ya daina fitowa. Matarsa Rabi'atu tana yin ƙuli-ƙuli, mata suka daina aikowa. 'Yarsa Zuliha, wadda take koyarwa a Islamiyya, ta riƙa wucewa ta ƙofar baffanta da gaisuwa guda, ba ta tsayawa jin amsa. Mako uku bayan haka, da hantsi, Baballe yana alwala buta ta suɓuce masa, ya kife a kanta. Aka kai shi asibiti a Kura, aka dawo da shi ɓarin hagu ya shanye, baki ya karkace. Masu zuwa dubiya ba su da yawa, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka fito suna cewa alhakin jama'a ba ya barin mutum. Maharazu ya je sau ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa.

Ruwa kuwa bai dawo ba don an kori mai gadi. Ƙungiya ta yi ta kiran mutanen da suka kafa sola a waya, har ranar wata Talata suka turo injiniya. Da aka ga mace ce ta fito daga motar, da mayafi da takalmin aiki, dattawa suka kalli juna. Sunanta Nafisat. Ta gaishe su yadda ya kamata, ta ƙi zama a kan tabarmar da aka shimfiɗa mata, ta ce a kunna famfo, sannan a jira rana ta take sosai, don aikin nata ba ya yiwuwa sai farantan suna cikin aiki kuma rana tana dukansu.

Ta fito da wani abu daga jaka, kamar babbar waya mai mariƙi. Ta ce kyamara ce, amma ba fuska take ɗauka ba, zafi take gani. Abin da yake da sanyi sai ya fito shuɗi, mai ɗumi ya fito ruwan lemo, mai zafi sosai ya fito ja har ya koma fari. Da ta ga ba su gamsu ba, ta roƙi Liman ya dafa katakon benci a inuwa ya ɗauke hannunsa. Ta haska wurin. Ga tafin hannun Liman nan a gilashin kyamarar, yatsu biyar cif, alhali a kan katakon babu komai. Aka yi ta kabbara ana dariya. Maharazu ma ya yi dariya, amma bakinsa ne kawai ya yi.

Ta fara daga gabas, tana tafiya a hankali, jama'a na biye da ita suna leƙe ta kafaɗarta. Faranti na ɗaya, na biyu, na goma, duk launi ɗaya ne, ruwan lemo bai-ɗaya. "Waɗannan lafiyarsu ƙalau," ta ce. Haka har goma sha takwas. Da ta zagayo bayan rumfa ta ɗaga kyamarar, sai ta tsaya.

Maharazu yana daidai bayanta, kuma ya fi kowa tsawo, don haka shi ya fara gani. Tabo-tabo ne jajaye, wasu sun yi fari saboda zafi, a jere layi-layi tun daga ƙasa har ƙololuwa. Ya san jerin nan. Ya san inda ya riƙa barin ɗan fili a tsakiya don ya sami wurin dafawa. Shekara guda cur da wanke gilasan, ga aikin hannunsa a shimfiɗe kamar jiya ya yi shi.

Nafisat ta sunkuya ta shiga ƙarƙashin ƙarafan, tana karanta lambar da take bayan kowane faranti, tana gwadawa da takardar da ta zo da ita. Ta fito tana karkaɗe gwiwa.

"Wa ya ce muku an musanya? Babu ko ɗaya da aka musanya. Su ne dai waɗanda muka kafa. Ƙonewa suka yi."

Abdulbasit ya sosa ƙeya.

"Kowane faranti," ta ci gaba, "ƙananan gidaje ne a jere, wuta tana bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ruwa yake bin fangulanku. In aka rufe wa gida ɗaya rana, sai ya daina bayarwa, wutar sauran ta taru a kansa, ya yi ta zafi. Yau da gobe sai ya ƙone daga ciki. Ido ba ya gani sai an daɗe. Kuma shidan nan a layi ɗaya suke da sauran, su ne suke janyo su ƙasa. An ɗora wani abu a kansu. Ƙanana ne, da yawa, kwanaki a jere, da rana tsaka, famfo yana aiki. Mene ne?"

Wani tsoho ya matso ya ƙura wa kyamarar ido, sai ya tafa hannu. "Kai! Wannan ai shanyar kauɗa ce!"

Kowa ya sake dubawa, kowa ya gani. Babu manomin tumatir da zai kasa gane wannan jerin.

Nan ne wurin. Nan ya kamata Maharazu ya buɗe baki. Kalma uku ce kawai, ni na yi. Ya ma buɗe bakin, sai Abdulbasit ya riga shi, domin yana neman inda zai sauke kunyarsa.

"To ai duk ɗaya ne! Wa yake zaune a nan da rana in ba mai gadi ba? Shi ya sa ya ƙi rantsuwa. Saboda miyar gidansa ya kashe mana gonaki arba'in!"

Jama'a suka ɗauka. Suka ji daɗi ma, don hakan ya nuna ba su zalunci kowa ba. Da ɓarawo ne, yanzu ya koma sakaran da ya ci amana saboda kauɗa. Wani ya dafa kafaɗar Maharazu ya ce, "Sai haƙuri, Ciyaman, ba a zaɓen ɗan'uwa." Maharazu ya rufe bakinsa. Nafisat ba ta san Baballe ba, ba ta san bayansa a lanƙwashe yake ba, don haka ba ta da dalilin tambayar yadda ya kai hannu ƙololuwa. Ta cire shidan daga layi, ruwa ya ɗan ƙaru, ta ce sababbi sai nan da wasu makonni. Ta dubi gonakin da suka yi rawaya, ta shiga mota.

Bayan la'asar Maharazu ya nufi gidan yayansa. Rabi'atu tana tsakar gida tana tankaɗe. Shekara ashirin da wani abu tana kiransa Dogo, tana tsokanarsa irin ta matar wa da ƙanin miji, tana ɓoye masa takalmi in ya zo cin tuwo.

"Sannu da zuwa, Ciyaman," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ɗakin yana warin man zafi. Baballe yana kwance a kan katifa, ya rame, hannun hagu a ajiye a kan ƙirji kamar ba nasa ba. A lungu akwai buhu a jingine, an ɗaure bakinsa da igiya. Maharazu ya durƙusa.

"Yaya, an kawo wata na'ura. An gano. Ba a saci komai ba. Kauɗar nan ce. Ita ta ƙona su. Ka faɗa mini, ban ji ba."

Idon Baballe na dama ya cika da ruwa. Bakinsa ya yi ta motsi kafin magana ta fito, a jaye, da ƙyar.

"Ka... faɗa?"

"Zan faɗa, Yaya. Ranar Juma'a. A inda aka tsayar da kai, a nan zan tsaya, gaban kowa. Wallahi zan faɗa."

Baballe ya lumshe ido. Ya lalubo hannun ƙanensa da hannunsa mai lafiya, ya riƙe, ya ɗan bubbuga, yadda yake yi masa tun yana yaro in ya yi ɓarna ya zo yana kuka. Maharazu ya fashe da kuka kuwa, kuma ya fito yana jin kamar an sauke masa kaya, kamar ya riga ya yi abin.

Bai yi ba. Daga ƙofar gidan zuwa masallaci taku arba'in ne, kuma a ranar an yi magariba, an yi isha, duk da jama'a. Amma shi Juma'a yake so, yana so ya tsara maganar, ya san ta inda zai fara don kada ta yi masa muni da yawa. Laraba ya hau babur ya tafi Bunkure neman maganin feshin da ba ya bukata. Alhamis da hantsi yana gona yana juya ruwa, sai ya ji kukan mata daga cikin gari. Ya ajiye fartanya. Bai tambayi kowa ba, ya san daga gidan da yake fitowa.

Kafin azahar an kai Baballe makwancinsa. Mutane sun zo, ba laifi, don mutanen Tsamiyar Gabas ba sa ƙin jana'iza. Maharazu ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Bai yi nauyi ba ko kaɗan.

Ranar Juma'a da aka idar da salla, ya miƙe kafin kowa ya ɗauki takalmi. Duk tsarin da ya yi ya watse. Ya faɗi maganar yadda ta zo. Ya ce shi ya kawo tumatir, shi ya jera, mako uku. Ya ce Baballe ya hana shi, ya ce masa ko hula, shi kuma ya yi masa gorin aiki. Ya ce abin da ya sa yayansa ya ƙi rantsuwa shi ne ba zai yi ƙarya da Alƙur'ani ba, kuma ba zai tona ƙanensa ba. Yana magana hawaye na zuba a gemunsa. Da ya gama ya tsaya yana jiran zagi, yana ma fatan a zage shi.

Wani dattijo ya share ido da bakin riga. "Allahu akbar. Ka ga zumunci."

"Zauna, Maharazu," in ji Liman a hankali. "Mun ji zafin da kake ji. Marigayi ya riga ya tafi, mu kuma mun yafe masa duniya da lahira. Rufa wa ɗan'uwa asiri abu ne mai kyau, amma ba sai ka ɗora wa kanka abin da ba ka yi ba."

"Malam, wallahi ni ne! Ku tuna kauɗar da na sayar bara!"

"Ai a kan kwanon abokinka ka shanya ta," in ji wani. "Kai da bakinka ka gaya mana."

"Ƙarya na yi! Ku tuna hoton, tabon har sama ya kai. Yaya da bayansa zai kai hannu can?"

"Akwai benci a rumfar," in ji Abdulbasit, cikin tausayi.

"To a kawo Alƙur'ani. Da alwalata. Yanzu zan dafa."

Liman ya girgiza kai. "Ba zan bari ka yi rantsuwar ƙarya saboda ƙauna ba. In kai ne, me ya hana ka faɗa ranar Talata, yana da rai? Je ka gida, Allah ya ba ka haƙuri."

Jama'a suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu, suna cewa Allah ya bar zumunci, Allah ya ba mu 'yan'uwa irinka. Ya ce ya ajiye ciyaman, suka ce ba su karɓa ba, ina za su sami kamarsa. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya shaidar cewa gaskiya ya faɗa, shi kuma da hannunsa ya jera masa itace jiya.

Ranar Asabar aka yi sadakar uku. Da yamma, bayan mutane sun watse, Maharazu yana zaune shi kaɗai a zaurensa, sai ya ji sallama. Zuliha ce, da buhu a ka. Ta sauke shi a gabansa, ta durƙusa nesa kaɗan. Ya gane buhun, ya gane igiyar.

"Baffa, tun ranar da ka karɓi mukullai Baba ya sa Inna ta ɗaure bakin buhun nan. Ya ce kada a sake taɓawa. Ya ce ranar da ka faɗi wata magana a masallaci, da ita za a yi miya, ka zo ku ci tare. Ba mu san wace magana ba ce sai jiya."

Maharazu ya kasa ɗaga kai.

"Ɗalibaina sun tambaye ni ko gaskiya ne babana ne ya ƙona sola," ta ce. "Na ce musu a'a. Suka ce ai har Liman ya ce an yafe masa." Ta miƙe ta gyara hijabinta. "Ni na yarda da kai, Baffa. Ni da Inna mun yarda kai ne."

Ta fita. Ya daɗe yana kallon buhun kafin ya jawo shi ya kwance igiyar. Ya zura hannu ya ɗebo. Kauɗa ce mai kyau, har yanzu ja jawur, babu ko ƙwayar yashi a cikinta.